Ba Kowane Ciwon Hannu Ne Sanyi Ba: Cututtukan Yatsu da Wuyan Hannu a Zangunan Hausawa na Fatakwal, Anaca da Inugu

Hannun ɗan Adam, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, ƙasusuwa 27 ne: 8 ƙanana a wuyan hannu da suka jeru sahu biyu, 5 a cikin tafi, 14 a yatsu. Duk inda ƙashi ya haɗu da ɗan'uwansa akwai guringuntsi mai santsi da ke hana su gogar juna. Manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu da miƙar da su ba a cikin tafin suke ba, suna can tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, dogayen agara ne suka sauko daga gare su suka kama yatsun. Sai manyan jijiyoyin saƙo guda 3 da ke kai labarin taɓi da zafi zuwa ƙwaƙwalwa, su kuma kawo umarnin motsi: ɗaya ta bi tsakiyar wuyan hannu, ɗaya ta bi gefen ƙaramin yatsa, ɗaya ta zagayo ta bayan hannu. Wurin ƙarami ne, kayan cikinsa kuma a cushe suke. Shi ya sa ɗan kumburin da ba zai dami cinya ba kan hana hannu aiki.

Wannan hannu shi ne jarin mafi yawan Hausawan da ke zaune a Fatakwal, Anaca da Inugu. Zamansu a can ya daɗe. Fataken shanu sun bi hanyoyin Kudu tun kafin layin dogon da ya haɗa ma'adinan kwal na Inugu da tashar jiragen ruwa ta Fatakwal a 1916, har ma wani dillalin shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. A yau akwai attajirai da 'yan canji da malamai a cikinsu, amma mafi rinjaye masu aikin ƙarfi ne: mahauta a kwata, 'yan dako da masu tura baro a kasuwannin Head Bridge da Ose a Anaca, 'yan gwari da masu dabbobi a Gariki ta Inugu, masu suya da masu shayi a Diobu, 'yan garuwa, 'yan bola jari, masu gyaran takalmi, teloli masu yawo da keke a kafaɗa, direbobin tirela da ke jiran lodi a hanyar Onne. Rayuwa ce ta hannu baka hannu ƙwarya. Ranar da hannu ya ƙi, babu albashin da ke jira, kuma akwai iyali a Arewa da ke sauraron aike.

A irin waɗannan zanguna, kusan duk ciwon da ya kama yatsa ko wuyan hannu sunansa ɗaya: sanyi. Ba abin mamaki ba ne. Ruwan saman da ke sauka a Fatakwal ya haura milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma ɗan ci-rani da yawa a kan tabarma yake kwana bisa siminti mai damshi. Gaskiya ne wasu masu ciwon gaɓɓai sun fi jin jiki idan gari ya yi sanyi, amma damshi ba ya cinye guringuntsi, ba ya matse jijiya, ba ya karya ƙashi. Abin da ake ce wa sanyi tarin cututtuka ne daban-daban. Wasunsu ana iya zama da su shekara da shekaru, wasu kuwa suna da wa'adi, idan ya wuce ba a dawo da abin da aka rasa. Ana rarrabe su da tambayoyi masu sauƙi: wane yatsa ne, da wane lokaci ciwon ya fi tashi, akwai kumburi ko babu, hannu ɗaya ne ko duka biyu.

Jijiyoyin da ke matsewa

A gaban wuyan hannu akwai wani siririn lungu da ƙasusuwa suka kewaye ta ƙasa da gefe, wani kakkauran tantani ya rufe shi ta sama. Agara 9 ne suke bi ta cikinsa tare da jijiyar tsakiya. Idan wani abu ya kumbura a ciki, lungun ba ya buɗewa, jijiyar ce take shan matsa. Likitoci na kiran wannan ciwo kafal tonel, kuma a duk cututtukan matsewar jijiya a jiki babu wanda ya kai shi yawa.

Da dare yake fara sallama. Mutum ya farka cikin barci ya ji babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin yatsan zobe sun yi dindiris, suna minjirya, sai ya yarfa hannun ko ya saukar da shi ƙasa kafin ya samu sauƙi. Ƙaramin yatsa ba ya shiga ciki, kuma wannan ita ce alamar da ta fi fayyace shi. Daga baya abin ya biyo shi rana: wajen riƙe waya, wajen jan carbi, wajen tuƙi. Canji ya riƙa suɓuce masa, maɓallin riga ya gagara. Idan aka bar shi, tudun naman da ke gindin babban yatsa sai ya lotsa, kuma a nan an riga an makara da wani abu, domin tsokar da ta rame ba lallai ta dawo yadda take ba ko bayan tiyata.

Duk wanda ya tsaya a kwata da asuba zai ga dalilin da ya sa mahauta ke cikin waɗanda ya fi kamawa. Hannun hagu ya damƙe jiƙaƙƙiyar fata mai santsi yana ja, na dama yana riƙe da wuƙa, wuyan hannun a lanƙwashe, ana fiɗa ana maimaita motsi ɗaya ba hutu har a gama sa guda a koma kan wani. Sai kuma gatari wajen sara ƙashi, kowane sara yana komawa cikin gaɓar. Ƙarfi, maimaici da lanƙwasa, su ukun sun haɗu a aiki ɗaya, kuma wuƙar da ta dakushe tana ƙara yawan ƙarfin da ake sawa. Amma ba aiki kaɗai ke kawo shi ba. Ciwon suga, ƙiba, raunin aikin halittar maƙoƙo, tsohuwar karaya a wuyan hannu da juna biyu duk suna jawo shi, kuma mata sun fi maza kamuwa. Na mai ciki yakan tafi da kansa bayan haihuwa. Saura kuwa ana fara musu da ɗaurin da ke miƙar da wuyan hannu lokacin barci, sai allurar rage kumburi a cikin lungun, sai ƙaramar tiyatar da ake tsaga tantanin a sassauta wa jijiyar. Aiki ne da ake yi da allurar kashe wuri, mutum ya koma gida ranar.

Idan ƙaramin yatsa da rabin na zobe ne suka yi dindiris, to matsalar ta jijiyar gefe ce, kuma sau da yawa a gwiwar hannu take matsewa. Direban da ke jingina gwiwar hannu a tagar mota daga Fatakwal har Kano, da mai gadin da ke kwana a kujera hannu a naɗe, su ne abokan wannan ciwo. Masu babur da masu keke Napep kuwa a gindin tafi take matse musu, inda suke danna kan abin hawa, ga kuma girgizar inji da ta hanya. Masu injin markaɗe da masu yankan ƙarfe ma girgizar tana kashe musu ji a kan yatsu sannu a hankali. Jijiyar baya kuma idan aka danne ta cikin nauyin barci, ko ƙashin damtse ya karye ya taɓa ta, sai a wayi gari wuyan hannu ya langaɓe ba ya ɗaguwa. Na dannewar barci yakan warware cikin makonni, amma a bar likita ya tabbatar ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, musamman idan baki ya karkace ko magana ta sarƙe.

Akwai cuta guda da ba a son ambata, alhali tana nan. Kuturta tana kama jijiyoyin hannu, musamman ta gefe, kuma har yanzu ana gano sababbin masu ita fiye da 1,000 kowace shekara a Najeriya. Alamarta ta farko wani fili ne a fata da ya fi sauran jiki haske kuma ba a jin taɓi a kansa, sai jijiyar gwiwar hannu ta yi kauri, sai ƙaramin yatsa da na zobe su fara ƙanƙancewa. Mai shayi ya ƙone da butar shayi bai ji ba, ƙunar ta zama gyambo. Ba cutar ce ke gutsure yatsu ba, raunukan da ba a ji ba ne. Yankin waɗannan garuruwa yana da tarihi babba a yaƙi da ita: a asibitin kutare na Uzuakoli, a jihar Abiya ta yanzu, Dakta John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ana iya ba da ƙwayar dafson ta baki, abin da ya sauya maganin kuturta a duniya, kuma akwai tsohuwar cibiyar kutare a Oji River kusa da Inugu. Maganin yau kyauta ne, na wata 6 ko 12, kuma wanda ya fara da wuri yana tsira da yatsunsa.

Agara

Agarar da ke lanƙwasa yatsa tana zirga-zirga ne a cikin wani kube, kamar zariya a ƙugun wando. Idan ƙulli ya fito a jikinta, sai ta riƙa sarƙewa a bakin kuben: yatsa ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa, sai an sa ɗaya hannun an ɓalle shi, a ji ƙas. Ya fi tsanani da safe, kuma ya fi samun masu ciwon suga da masu damƙar abu da ƙarfi, irin 'yan garuwa da masu tura baro. Allura ɗaya a bakin kuben tana warkar da mutane da yawa, wanda ta ƙi yi wa aiki a yi masa 'yar tsaga.

Wani ciwon kuma a gefen wuyan hannu yake, daidai gindin babban yatsa. Likitan tiyata ɗan ƙasar Suwizalan, Fritz de Quervain, ya yi bayaninsa a 1895, shi ya sa yake ɗauke da sunansa. Masu jego ya fi kamawa, saboda ɗaga jariri ta hammata sau da yawa a yini, ga matse wanki, ga daka. Mace ta kasa murɗe marfin kwalba ko ɗaga tukunya, a ce mata sanyin jego ne. Hutar da babban yatsan da ɗauri, sauya yadda ake ɗaukar yaro da allura idan ta kama, yawanci sun isa. Shi kuwa ƙullutun nan mai taushi da ke fitowa a bayan wuyan hannu, ruwan gaɓa ne mai yauƙi ya taru, ba ciwon daji ba ne, kuma da yawa yana ɓacewa da kansa. Kai shi wurin wanzami a tsaga buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa ne zuwa cikin gaɓa.

Abin da ba ya jira shi ne agarar da wuƙa ta yanke. Mahauci ko mai suya ya yanke a tafi ko a gaban yatsa, jini ya tsaya, fata ta haɗe, amma gaɓar yatsan ba ta lanƙwasuwa. Agarar da ta tsinke ba ta haɗewa da kanta, tsoka ce ke ƙara janye ta sama. Ɗinkinta ya fi kyau cikin kwanakin farko, kafin mako 2. Bayan haka aikin ya zama babba, sakamakon kuma ya ragu. Haka idan gefe ɗaya na yatsa ya daina ji bayan yanka, jijiya ce ta tsinke. Yatsan da inji ya guntule ana naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan damshi, a sa a leda a ƙulle, a ɗora ledar kan ƙanƙara, a garzaya asibiti. Ba a jefa shi cikin ƙanƙara tsirara.

Amosanin gaɓɓai

Wanda ya fi yawa shi ne na zaizayewar guringuntsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 528 ne ke da shi a 2019. A hannu yakan kama gaɓar ƙarshe ta yatsu, inda wasu ƙulle-ƙulle masu tauri ke fitowa, da gindin babban yatsa, wanda ke sa murɗa makulli ko riƙe almakashi ya zama wahala. Shekaru, gado da tsohon rauni ne ke kawo shi. Ƙagewarsa ta safe ba ta cika wuce rabin awa ba, aiki ne ke tayar da ciwon, hutu ya kwantar. Ba a mayar da guringuntsin da ya tafi, amma ruwan ɗumi, motsa yatsu, man shafawa mai rage zogi da kaurara mariƙin kayan aiki da tsumma ko roba suna barin mutum ya ci gaba da sana'arsa.

Rumatoyid wani abu ne dabam, kuma a nan ne kalmar sanyi ta fi yin ɓarna. Garkuwar jiki ce take juya wa mai ita baya, ta afka wa tantanin da ya lulluɓe gaɓɓai. Mutum miliyan 18 ne ke da shi a duniya a 2019, kusan kashi 70 cikin 100 mata. Yana kama hannu biyu a tare, wuyan hannu da gaɓɓan gindin yatsu da na tsakiya, su kumbura su yi taushi da ɗumi. Da asuba hannun a ƙage yake, awa guda ko fiye, har alwala da kunna murhu su gagara, sai rana ta ɗaga ya ɗan saki. Ga kasala, ga rama, ga ƙarancin jini. Ba cutar tsofaffi ba ce, tana kama mace mai shekara 30, kuma takan tashi bayan haihuwa. Shan taba yana ƙara haɗarinta.

An daɗe ana ɗaukar cewa cutar ba ta cika samun mutanen Afirka ta Yamma ba. A 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa a Legas suka wallafa bayanin marasa lafiya 200 'yan Najeriya masu ita daga asibiti guda, kuma da yawansu sun iso ne bayan shekaru suna fama. Abin takaicin shi ne wannan cuta tana da maganin da ke tsayar da ita. Metotireksat, wanda ake sha sau ɗaya a mako tare da folik asid, da wasu irinsa, suna hana ta cin gaɓa idan an fara su cikin watannin farko. Yatsun da suka riga suka karkace zuwa gefen ƙaramin yatsa kuwa babu ƙwayar da ke miƙar da su. Maganin yana da sharuɗɗa masu tsauri: shan sa kullum maimakon mako-mako yana iya kisa, mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa, kuma sai ana duba jini da hanta lokaci-lokaci. Matan zango su ne suka fi makara. Mace tana cikin gida a garin da ba ta jin yarensa, fitarta asibiti sai maigida ya bar kasuwa ya raka ta, ciwon kuma ba ya kwantar da ita a gado, sai a yi ta ɗagawa. Duk macen da gaɓɓan hannayenta biyu suka kumbura har mako 6 ta cancanci a yi asarar yinin kasuwa a kai ta.

Gawut kuma gishirin yurik asid ne ke taruwa a gaɓa. Yakan fara da babban yatsan ƙafa, cikin dare, da zafin da ko mayafi ba a so ya taɓa wurin, daga baya ya hau wuyan hannu da yatsu, har wasu ƙullutai masu farin abu a ciki su fito. Maza ya fi kamawa. Gado, raunin ƙoda, wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, giya, lemon kwalba mai zaƙi da yawan cin kayan ciki suna tayar da shi, kuma hanta da ƙoda ba sa yankewa a gaban mahauci da mai suya. Alofurinol yana sauke gishirin idan an dawwama a kansa. Masu hulɗa da dabbobi suna da wani abin lura: bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, tana shiga mutum ta ɗanyen nono ko ta rauni a hannu wajen fiɗa, ta kawo zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, zufar dare da ciwon gaɓɓai, a yi ta shan maganin maleriya a banza. A wajen jarirai kuma, kumburin bayan hannu da na ƙafa mai sa kuka, daga wata 6 zuwa shekara 2, sau da yawa shi ne alamar farko ta amosanin jini, wato sikila. Gwajin jini ake yi wa yaron, ba tsaga ba.

Karaya da ɗori

Wanda ya faɗi daga babur ko daga saman lodi, tafin hannu yake tarar ƙasa da shi. Abin da ya fi karyewa shi ne bakin babban ƙashin da ya sauko wuyan hannu, kuma wannan a bayyane yake, hannun ya karkace. Mai yaudarar shi ne wani ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa, sikafoyid. Kumburin kaɗan ne, ana iya motsa hannun, sai a ce targaɗe ne a ja a murza. Ko hoton ƙashi na farko yakan kasa nuna tsagewar, sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14. Jinin da ke ciyar da wannan ƙashi ta gefe ɗaya yake shiga, don haka idan bai haɗe ba ɓangarensa yakan mutu, bayan shekaru wuyan hannun ya zaizaye tun mutum yana da sauran ƙarfinsa. Ciwon da ake ji idan an danna ɗan ramin da ke gindin babban yatsa bayan faɗuwa, karaya ce har sai hoto ya ce ba ita ba. Zobe kuma a cire shi nan take kafin yatsa ya kumbura.

Maɗora suna da daraja a zango, kuma ba a banza ba. Suna jin Hausa, suna kusa, kuɗinsu da sauƙi, ana biya a hankali, sana'ar kuma gadon gida ce. Karaya da yawa da ba ta goce ba za ta haɗe a hannunsu. Haɗarin yana wurin ɗaurin. Ana jera kara ko tsagin gora kewaye da hannun, a naɗe da tsumma a tamke, alhali hannun da ya karye yana ci gaba da kumbura kwana biyu zuwa uku. Kumburin ya rasa wurin zuwa, ya toshe hanyar jini. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu sun yi suntum, sun yi sanyi, sun sauya launi, idan aka miƙar da su mutum ya yi ihu. Tsoka ba ta jure rashin jini fiye da 'yan awanni. Idan aka ce a daure, ƙashi ne ke haɗewa, ƙarshenta ko dai hannun ya ƙanƙance ya bushe, ko ya ruɓe a yanke. Likitocin ƙashi a Inugu da sauran manyan asibitocin ƙasar sun sha wallafa rahoton irin wannan yankewa, kuma yara ne da yawa a ciki. A kwance ɗaurin da zarar an ga alamun, ko maɗori yana nan ko ba ya nan. Karayar da ƙashi ya huda fata, ko ta shiga cikin gaɓa, ko yatsu suka daina ji, ba ta ɗori ba ce tun farko.

Ɗan karkare da sauran kumburi masu ruwa ma suna da nasu wa'adin. Idan ƙaya, ƙashin kifi ko tsinken tsire ya soki yatsa, yatsan gaba ɗaya ya kumbura ya ɗan lanƙwashe, miƙar da shi ya zama azaba, to mugunya ta shiga kuben agara, kuma tana iya lalata ta cikin kwana biyu. Mai ciwon suga ya fi kowa shiga haɗari: likitoci a Najeriya da Tanzaniya sun yi bayanin yadda ɗan ƙwarzane a hannunsa ke zama ruɓa mai haurawa har a yanke hannun ko a rasa rai. 'Yan bola jari da mahauta kuma suna bukatar rigakafin tetanus.

Haɗin kemis

Kafin a je ko'ina, kemis ake fara zuwa, ko a tsayar da mai tallan magani a ce a ba da haɗin ciwon jiki. A ƙulla ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, babu suna, babu kwali. Yawanci a ciki akwai diklofenak ko ibufurofen ko firoksikam, wani lokaci biyu a tare, da deksametason ko firednisolon, wani lokaci da tiramadol. Haɗin yana aiki, wannan ne ma matsalarsa: zogi ya kwanta, a koma bakin aiki, cutar tana ci a ƙasa. Rukunin farko yana kawo gyambon ciki da zubar jini, yana tayar da hawan jini, yana cin ƙoda, balle ga ɗan dakon da ke zufa yini guda bai sha isasshen ruwa ba, ko mai azumin da ya haɗiya da sahur cikinsa ba komai. Su deksametason kuma idan an daɗe a kansu suna kumbura fuska, su tayar da suga, su sa ƙashi ya yi rauni, kuma wanda ya daɗe yana sha ba ya yanke su rana ɗaya sai likita ya rage masa a hankali. Tiramadol yana kama mutum, yawansa kuma yana sa farfaɗiya. Ingancin ƙwayoyin ma abin dubawa ne. Babbar kasuwar magunguna ta Ogbo Ogwu tana nan a Head Bridge, maƙwabciyar masu dako, kuma hukumar NAFDAC ta rufe ta a 2007 zamanin Dora Akunyili, ta sake rufe ta a farkon 2025, duk a kan jabun magunguna da haramtattu.

Wurin zuwa bai yi ƙaranci ba. Inugu tana da Asibitin Ƙashi na Ƙasa, ɗan'uwan na Dala a Kano da na Igbobi a Legas, kuma yana da sashen tiyatar gyaran jiki inda ake ɗinkin agara da jijiya. Ga asibitin koyarwa na Jami'ar Najeriya a Ituku-Ozalla da na Parklane. Mutanen Anaca suna da asibitin koyarwa na Nnewi da asibitin Iyi-Enu a Ogidi. A Fatakwal akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Fatakwal da na jami'ar jihar Ribas. Ƙwararrun likitocin amosanin gaɓɓai kaɗan ne a ƙasar baki ɗaya, amma kowane likita yana iya yin gwajin farko ya rubuta takardar turawa. Abin da ke hana zuwa kuɗi ne, da asarar yinin aiki, da harshe. Wanda Turancin burokansa bai wuce na ciniki ba zai ce hannu yana ciwo ya tsaya nan, alhali ganewar tana cikin bayanin wane yatsa da wane lokaci. Tafiya da mai fassara ba ƙaramin abu ba ne, kuma aiki ne da fadar Sarkin Hausawa, ƙungiyoyin mahauta da na 'yan kasuwa da kwamitocin masallatai za su iya tsarawa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, kuma hukumomin jihohin Anambara da Inugu suna rajistar masu sana'ar hannu, ba ma'aikatan gwamnati kaɗai ba.

Bayan an cire filasta ko an warware ɗinki, sauran rabin aikin yana hannun likitan fisiyo. Gaɓɓan yatsu suna saurin ƙagewa idan an bar su ba motsi, shi ya sa ake umartar mai karaya ya riƙa ɗaga hannun sama da ƙirji, yana motsa yatsun da ba a ɗaure ba tun ranar farko. Agarar da aka ɗinke tana bukatar kimanin wata 3 kafin ta ɗauki aikin ƙarfi, wanda ya koma kwata a mako na uku yakan tsinke ta. Da yawa sukan zaɓi komawa gida jinya, ko su ɗaga zuwa asibiti sai sun je sallah ko noman damina. Ga zaizayewar guringuntsi jiran ba ya ɓata komai. Ga agarar da ta yanke, karayar sikafoyid, kumburi mai mugunya da sabon rumatoyid, a fara magani a inda ake. Wanda zai tafi bayan haka ya karɓi takardar likita, hotunan ƙashinsa da sunayen magungunansa a rubuce, domin asibitin Dala, na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya su ɗora daga inda aka tsaya.